Karan da Illo Ke Zubarwa

Illo ya shigo Yamai da saniya ɗaya, wata guda bayan sojoji sun karɓi mulki. Da goma sha ɗaya ya baro ƙauyensu na ƙasar Gobir, lokacin da guga ya fara fitowa daga rijiya da ƙura. Goma sun kwanta a hanya, kowace sai ya tsaya ya sa mata wuƙa kafin rai ya fita, ya bar naman ga wanda ya samu. Wadda ta rage ja ce mai fari a goshi, ana ce mata Kyalla, tana da cikin wata shida. Matarsa Balkisa tana biye da su da faifai da tukunya a ka.

Wan Balkisa, Yakuba, tela ne a Zongo. Ɗakinsa keken ɗinki ya cinye rabi, ƙyallayen mutane sun cinye sauran, babu inda za a kafa turke. Don haka suka gangara Gaweye, suka jingina zana biyu a bakin kogi kusa da gindin gada, inda wasu baƙi irinsu suka riga su sauka da awaki da jakuna.

Abin da Illo ya sa a gaba ɗaya ne. In Kyalla ta kai damina ta haihu, shi mai shanu ne har yanzu, yana da abin da zai koma gida da shi. In ta mutu, sai sansanin da ke bayan gari, inda ake rubuta sunan mutum a ba shi jar dawa a gwangwani, ya zauna yana jiran motar gobe. Ya ga mazan da ke wannan layin. Ya ce shi ba zai tsaya a cikinsa ba.

Kogin ya janye a shekarar har tsofaffin Gaweye suna cewa ba su san shi haka ba. Ya bar farin yashi shimfiɗe, ya koma wani siririn zare can tsakiya, mata suna tafiya mai nisa kafin su kai inda za su yi wanki. Jiragen masunta suna kife kamar an manta da su. Da rana ta take, kawalwalniya kan ɗauke ƙafafun gadar, sai a ga motoci suna wucewa a sarari ba abin da ya riƙe su, itatuwan ƙetare kuma suna lilo da kawunansu a ƙasa. Illo kan zauna a inuwar zana ya yi ta kallo har idonsa ya yi nauyi, bai san inda gani ya ƙare barci ya fara ba.

A irin wannan lokacin ne ya fara ganin tudun. Yana can gaba kaɗan da masaukinsu, launin zinariya, yana ƙyalli, ya fi ɗaki tsawo. Ya ɗauka idonsa ne. Da ya je ya nutsa hannu sai ya ji abu mai ɗumi, mara nauyi, yana zuba tsakanin yatsunsa. Buntun shinkafa ne, ɓawon da inji ke cirewa. Kamiyo, babbar motar kaya, ke kawo shi daga injin casa ya juye ya tafi. Illo ya tambayi direban na wane ne, direban ya yi dariya ya ce ya kwashe duka in yana da buhu.

A ƙasar gero duk abin da ya fita daga jikin hatsi abinci ne. Mace ba ta zubar da dusa, ko ruwan da ta wanke tsaba da shi akwai bakin da ke jiransa. Illo ya dubi tudun da idon mutumin gero, ya ɗaga hannu ya gode wa Allah. Godiyar ba laifi ba ce. Laifin shi ne bai tsaya ya tambayi kansa ba, a garin da awaki ke cin takarda da tsumma, me ya sa babu akuya ko ɗaya a kan tudun. Kaza ba ta tonon shi. Gara da ke cin zanarsu tun kwana na biyu ba ta kusance shi ba. Mutumin da yunwar dabbarsa ta dame shi yana iya ruɗewa, amma Illo ba ruɗewa kaɗai ya yi ba, ya yarda ne cewa duk mutanen Yamai ba su san darajar abin kiwo ba sai shi.

Ya kuma samu aikin lodi wajen masu amalanke da ke ɗauko karan shinkafar rani daga gonakin Saga, ladansa dami biyu kullum. Da yamma sai ya kwance damin a gaban Kyalla ya zauna ya yi abin da ubansa ya koya masa. A gida ganyen gero da na dawa ake zage wa dabba, shi ne karmami, karan kuwa na danni ne da hura wuta. To haka ya yi wa shinkafa. Kara ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka, ya zare ganyen da haƙuri, ya tara shi gefe, ya jefar da sandar bayan zana. Ganyen yana yanka masa yatsu kamar reza. Wuƙarsa da ta yi shekara bakwai tana aske gashin hannu ta dakushe a kwana uku, ya wasa ta, ta sake dakushewa. Ya ce ƙarfen ne ya tsufa. Sai ya cuɗa ganyen da buntu, ya yayyafa ruwa, ya tura wa saniyar.

Akwai wata tsohuwa Bazabarma, Hamsatu, da ke da bukka a gindin tudun. Sana'arta ƙona buntu, tana sayar da tokar ga masu tuwo-tuwo suna goge tukwane. Tana da tumaki biyu. Ranar farko da ta ga abin da Illo ke yi ta tsaya a kansa, ta dubi zanen da ke kumatunsa, ta gane Bagobiri ne, abokin wasanta.

"Bawana," in ji ta da Hausarta ta kasuwa, "wannan fa ba gero ba ne."

"Inna, ke da aka yaye ki da kan kifi, me kika sani a kan saniya?" in ji Illo, bai ko ɗaga kai ba. "Ki je ki kula da toka."

Tsohuwar ta yi dariya, ta zagaya bayan zana, ta tattara karan da ya zubar ta yi gaba da shi. Kullum haka. Illo yana ce wa Balkisa ga baiwarsa ta zo sharar gida.

Kyalla ta ci, don yunwa ba ta bar mata zaɓi ba. Cikinta ya tashi ya yi tauri kamar ganga, Illo yana bubbuga shi da tafin hannu yana murna. Da azahar yakan jingina da jikinta ya lumshe ido. Sau da yawa yana ganin goman nan da ya bari a hanya suna tahowa ta kan yashi, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, su hau tudun zinariya su nutse a ciki har ƙaho, sannan su fito ta ɗaya gefen da tozo a cike. Yana kiran sunayensu, suna waiwayowa. In ya farka sai ya ga Kyalla kaɗai, kanta a sunkuye.

Balkisa ce ta fara cewa saniyar ta daina tuƙa. Ta ce kashinta ya bushe, kuma buntun yana fitowa yadda ya shiga, ko launinsa bai sake ba. Ta ce ciki na girma amma haƙarƙari na ƙara fitowa, ga yawu na zuba da ɗan ja-ja. Illo ya ce gajiyar hanya ce ke fita. Ya ƙara mata buntu.

Ranar kwana na goma sha biyu Kyalla ta kasa tashi. Sai da Illo ya roƙi maza uku cikin maƙwabta, aka zura sanduna biyu ƙarƙashinta aka ɗaga, ta tsaya tana rawa, aka saki, ta koma ƙasa a hankali kamar an zare mata ƙashi. Kafin su gama share gumi motar soja ta tsaya a kan gangare. Wani saje ya sauko da mai fassara, aka yi shela da Zabarmanci da Hausa. Duk dabbar baƙi da ke bakin kogi ta wannan gefe za ta ƙetare gada zuwa Haro Banda kafin sallar Juma'a ta sama, kwana tara ke nan. Wadda ba ta iya tafiya da ƙafarta za a yanka ta a wurin. Umarnin ba zalunci ba ne, mushe ya fara ɓata ɗan ruwan da gari ke sha. Amma bai bar wa Illo wurin ɓuya ba.

Washegari Yakuba ya gangaro daga Zongo, tef ɗin awo a wuya, da wani mahauci a bayansa. Ya ce ai gara a yanka yau da sauran nama a jikinta, ya ce shi ya san mai rubuta suna a sansani, ba za su sha wahalar layi ba. Mahaucin ya tsuguna ya matsa cinyar saniyar, ya taɓe baki, ya ce fatar ce dai.

"Yaya, ka mai da mutuminka," in ji Illo. "Ban kira shi ba."

"To me kake jira? Ta tashi ta yi maka rawa?"

"Za ta ƙetare."

"A kan me, a kan kanka?" Yakuba ya juya ga ƙanwarsa. "Balki, ki yi masa magana. Ni na bar rigar mutane a kan keke."

Balkisa ba ta yi masa magana ba, don ta san ba ya jin magana a gaban mutane. Ta bari suka tafi. Tana zaune tana kallon bukkar Hamsatu sai idonta ya tsaya a kan tumakin nan biyu. A duk bakin kogin babu dabbar da ba a ƙirga ƙasusuwanta daga nesa, sai su. Ba ƙiba suka yi ba, amma suna tsaye da ƙarfinsu, suna tuƙa, ɗaya har tana tunkuyin 'yar'uwarta. A gabansu kuwa ba komai sai karan da mijinta ya zubar jiya.

Ta ɗauki mayafi ta tafi. Ta gaishe da tsohuwar, ta durƙusa, ta ce ta zo tambaya ne. Hamsatu ta dube ta ta ce ta je ta kira Bagobirin, wannan ba abin da ake aikawa da saƙo ba ne. Illo ya zo yana jan ƙafa.

Tsohuwar ta kai su bayan bukka inda take ƙuna. Wutar buntu ba ta da harshe, ci take a ɓoye kwana da kwanaki, hayaƙinta siriri yana miƙewa sama. Ta sa kasko ta buɗe gefen da ya huce. Tokar fara ce fat, kuma kowane ɓawo yana nan da siffarsa, da bakinsa da ɗan layin bayansa, kamar shinkafar ta yi mafarkin kanta. Illo bai taɓa ganin abin da wuta ta ci ta bar masa kamanninsa ba. Tokar karan gero in ka hura ta tashi take, in ka zuba mata ruwa ta narke ta ba ka ruwan miya.

"Buɗe baki," in ji Hamsatu.

"Inna, wasan ya isa."

"Ba wasa nake ba, ɗana. Tauna."

Ya ɗebi kaɗan ya sa a baki. Ta yi ƙaras a haƙoransa kamar garin kwalba. Ya tofar, ya sake tofarwa, bakinsa bai rabu da ita ba.

Sai ta gaya musu abin da kowace mace a Saga ta sani. Ta ce shinkafa tsaye take a ruwa tun tana ƙarama, tana tsotsar yashin kogi ta saiwa, tana tura shi sama. Inda rana da tsutsa ke taɓawa can take kai shi, wato ganye da ɓawon da ke rufe ƙwaya, ta yi musu riga da shi. Shi ya sa ganyen ke yanka hannu yana cin bakin lauje, shi ya sa buntu ba ya ruɓa ko ya shekara a ƙasa, gara ba ta cin shi, wuta ma ba ta gama da shi. Ta ce tokar da ke goge baƙin tukunya, me za ta yi wa hanjin saniya? Sannan ta zaro kara ɗaya daga gaban tumakinta ta tsaga da farce. Cikinsa fari ne, da laushi, da ɗan danshi.

"Nan yashin bai cika zama ba," in ji ta. "Gero abincinsa a ganye. Shinkafa nata a kara. Kai ka zauna kwana goma sha biyu kana tsince wa saniyarka yashi, kana zubo mini abincin."

Illo ya dubi yatsunsa da ganyen ya tsattsage. Sannan ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba.

"Na faɗa. Ka ce in kula da toka."

"Sau ɗaya kika faɗa."

"Sau ɗaya," in ji tsohuwar. Ta kau da kai wajen tumakin. "Bayan nan kuma waɗannan suna ci."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ba ta wanke ta ba. Wanda ya ga dabba na mutuwa a kan jahilcin mai ita, ya yi shiru don nasa na ƙaruwa, ya ci abin da ba nasa ba ko da daga bola ya tsince shi. Illo ma bai fita ba. An gaya masa, ya mai da maganar wasa don mace ce ta faɗa, kuma tsohuwa, kuma ba ta da saniya. Su biyun sun san haka, shi ya sa babu wanda ya ɗaga wa wani murya.

Hamsatu ta shiga bukka ta fito da duk karan da ta tara, ta aza wa Illo a ka. Ta ce kada buntu ya sake shiga bakin saniyar ko ƙwara ɗaya. A sare kan damin inda ganye ya fi yawa, a yayyanka gindin gajeru, a jiƙa shi a ruwan kanwa daga safe zuwa safe don ya saki, a ɗauraye, sannan a ba ta kaɗan-kaɗan. Kanwa kam Illo yana da dunƙule ɗaya a ƙasan jakarsa tun daga gida. Balkisa ta ɗora ruwa ta ɗumama, suka buɗe bakin Kyalla suka ɗura mata da kwalba, Illo yana murza cikin da gwiwar hannu.

Kwana biyu ba abin da ya sake. A na uku cikin ya saki, abin da ya fito baƙi ne mai kaushi, ya yi ta fita har yamma. Tsohuwar ta nuna wa Balkisa wani lungu can ƙasa da gada inda ruwa ya kwanta, akwai sauran ɗanyar ciyawar kogi da masu jakuna ba su gano ba, tana samo abin da bai fi runguma ɗaya ba kullum. Tuwon da Yakuba ke aiko musu, Balkisa tana dama rabi da ruwa ta ba saniyar, ta ce wa mijinta ta ƙoshi. Ya san ba ta ƙoshi ba. Ya karɓa bai yi musu ba, wannan ma yana cikin abin da za a tambaye shi gobe kiyama.

Kowace safiya mazan nan uku suna zuwa da sanduna. Ran Litinin ta tsaya gwargwadon a karanta Fatiha. Ran Talata da la'asar Illo yana yanka kara ya ji wani sauti a bayansa, ya waiwaya, ya ga muƙamuƙinta na juyawa a hankali, idonta rabi a rufe. Ya ajiye wuƙar ya zauna yana kallo har aka kira magariba. Ran Laraba ta yi taku huɗu ta faɗi a kan gwiwa. Ran Alhamis bakin kogi ya fara zama kango, maƙwabta suna kora awakinsu suna hawa gangare, biyu daga cikin masu ɗaga ta ma suka tafi. Aka yanka jaki ɗaya da shanu biyu a kan yashi.

Ran Juma'a da hantsi Illo da Balkisa da mutum ɗaya da ya rage da Hamsatu suka kama sandunan. Tsohuwar ba ta da ƙarfin kirki, tana dai riƙe da bakin sanda tana zagin Gobirawa kaf da kakanninsu. Kyalla ta tashi. Suka zare sandunan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya. Illo ya kama igiya ya yi mata ɗan sautin da yake yi musu in za a tafi rijiya, ta ɗaga ƙafa.

Gangaren ya ci musu lokaci mai tsawo. A bakin gada soja biyu na tsaye da bindiga, sajen nan yana zaune a inuwar mota. Ya dubi saniyar, ya dubi agogonsa, ya tambaya ko za ta kai. Illo ya ce da ƙafarta ta zo nan. Sajen ya ɗaga hannu aka ba su hanya.

Kyalla ba ta taɓa taka kwalta mai rami a ƙarƙashi ba. Ta yi taku goma ta tsaya, ta shinshina ƙarfen gefe, ta sake yin goma. Illo yana gaba da igiya a sake, Balkisa tana baya da tafin hannu a kan ƙugun saniyar, ba turawa take ba, ta dai aza. Motoci suka taru a bayansu. Wani mai taksi ya danna oda ya leƙo yana tambaya ko amarya ake kaiwa, wani direban kamiyo ya ce masa ya yi haƙuri, wannan ta fi shi sanin inda za ta. Daga baya duk suka yi shiru, suka bi ta a hankali, har da masu kekuna da suka sauko suna turawa. Iska mai zafi tana busowa daga ƙasa. A tsakiyar gada ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe. Illo ya saki igiyar ya sa kafaɗarsa a ƙirjinta, ya ji bugun zuciyarta a cikin ƙashinsa, suka tsaya haka su biyu, ba wanda ya san wa ke riƙe da wani. Can ta ja numfashi ta miƙe.

Ana kiran farko na sallar Juma'a a masallatan gari a bayansu lokacin da kofatonta ya sauka a kan jar ƙasar ƙetare. Ta wuce sojan da ke wannan bakin, ta ratse daga hanya da kanta zuwa gindin wani gawo, ta buɗe ƙafafu ta yi fitsari mai tsawo. Balkisa ta sauke kayan kanta. Ta tambaye shi ina za su kafa zana.

"Bari mu ga inda za ta kwanta," in ji Illo.

Ba ta kwanta ba tukuna. Tana tsaye tana kaɗa wutsiya, tana duban wasu shanu da ke can nesa a bakin fadama.